Tsohuwar Kwamfutar Gem: A Ƙara Mata Kaya ko a Rabu da Ita?

Tun da na fara haɗa kwamfutoci da gyaransu a Kano, babu tambayar da samari masu buga gem suka fi kawo mini kamar wannan: "Oga, kwamfutata ta tsufa. In ƙara mata kaya ne, ko in sayar in sayi sabuwa?" Mai tambayar yakan fara da lissafa mini shekarun da ta yi a hannunsa, yana zaton da su zan yanke hukunci. Ni kuwa shekarun ne abu na ƙarshe da nake son ji. Akwai kwamfutar da aka haɗa a 2017 wadda har gobe za a ɗora mata kaya ta yi gogayya da 'yan bana-bakwai, akwai kuma tsararta ta 2017 ɗin da tuni ta kai inda ba ta wucewa. Abin da ya raba su shi ne madabod, faffaɗan allon nan na ciki da ake kafe sauran kayan a kansa. Amma kafin a kai gare shi, sai an buɗe akwatin tukuna.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawo mini da sunan tsufa, numfashi ne ya gagare su. Duk mazaunin Kano ya san aikin hunturu: ka share ɗaki da safe, kafin la'asar ka rubuta sunanka da yatsa a kan tebur. Kwamfutar gem kuwa tana da fankoki uku, huɗu ko fiye, ba su da aiki sai zuƙo iskar ɗakin suna cusawa ciki. Hunturu biyu ko uku sun isa ƙura ta daskare a tsakanin siraran ƙarafan da ke janye zafi, ta toshe su ruf. Sai bazara ta shigo, a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ga ɗaki rufin kwano. Firosesa da katin hoto an ƙera su da dabarar kare kai: da zarar zafi ya kai wani mataki sai su rage gudu don kada su ƙone. Katunan Nvidia na jerin GTX 1000 sukan ja da baya a wajen digiri 83, firosesa kuma takan jure har kusa da 95 ko 100 kafin ta sassauta. Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya. Gem zai tashi lafiya lau, bayan minti 15 ko 20 ya fara cijewa, fanka tana ta ihu. Kwamfutar da ƙarfinta ne ya gaza ba ta jiran minti 20, tun daga busa usur na farko za ka gane.

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗin kirki. A zare wuta, a fitar da ita tsakar gida, a cire murfin gefe a busa da bulowa, ana dafe kowace fanka da yatsa kada iskar ta wulwula ta fiye da ƙima. A ɗaga fankar firosesa, a goge tsohon man nan mai toka-toka da ke tsakaninsu, wanda ya riga ya bushe ya zama ɓawo, a ɗiga sabo kaɗan. Daga nan a daina ajiye ta a ƙasa kan kafet, ko a lungun da bayanta ke manne da bango. Na sha ganin zafi ya sauka da digiri 10 ko fiye daga wannan kaɗai, mai ita ya koma gida da kuɗinsa a aljihu.

Idan an share, an sa sabon mai, cijewar ba ta tafi ba, sai a nemo wanda ya gaji a cikin ma'aikatan. Ka ɗauka shagon tela ne ana saura kwana uku Sallah: firosesa ce mai yanka, katin hoto ne mai ɗinki. Ita ke lissafin inda kowane ɗan wasa yake, ina ƙwallo ta nufa, me abokin gaba zai yi, shi kuma ya zana abin a fuskar kallo sau 30, sau 60 ko fiye a cikin sakan guda. In mai yanka ya yi sanyi, ko keken ɗinki na miliyan ka kawo zaman jira zai yi. Gane wanda ke jinkirta aikin ba sai da boka ba. Akwai manhaja ta kyauta mai suna MSI Afterburner da ke nuna alƙaluma a gefen fuska kana tsaka da wasa, kuma ko Task Manager na cikin Windows ma ya wadatar. Alƙalumin katin za ka zuba wa ido. Idan yana kan kashi 97 zuwa 99 cikin 100 kuma gem ɗin na jan ƙafa, katin ne ya kai iyakarsa, kuma wannan albishir ne, domin shi ya fi komai sauƙin canzawa. Idan kuwa katin yana lilo a kashi 50 ko 60 amma ana cijewa, jiran firosesa yake. Kada alƙalumin firosesar ya yaudare ka: tana da ƙwayoyi da yawa a cikinta, gem na iya danne biyu har wuya sauran suna hutawa, jimillar ta nuna maka kashi 40 alhali ta gama gajiya. Wani abin kuma da nake yawan tunatar da yara: idan a wasan intanet kawai take tsinkewa, amma in kai kaɗai kake bugawa lafiya ƙalau take, to laifin layinka ne da nisan uwar garken da kake haɗuwa da ita. Babu katin da ke gyara wannan.

Abubuwa biyu ba na dogon tunani a kansu. Na farko SSD. Tsohon faifan ajiya mai juyawa yana karanta abin da bai wuce megabait 100 zuwa 150 a sakan ba, SSD na gama-gari yana haura 500, irin siririn nan na NVMe kuma yana haura 3,000. Ba zai ƙara maka yawan hotuna ba, amma zai kashe dogon jiran nan kafin wasa ya buɗe, da abin nan da ke faruwa a GTA V inda kana sheƙa gudu a mota sai titi ya ɓace gine-gine su biyo baya a makare. Wasu sababbin gem, irin su Starfield na 2023, sun ma rubuta ƙarara cewa sai da SSD. Kuma ba asara a ciki, domin ranar da ka yi sabuwar kwamfuta cire shi za ka yi ka tafi da shi. Na biyu RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki a kanta. A yau 8GB takura ce, 16GB ne wurin hutawa, kuma sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB, domin kwamfuta na ɗiba daga biyun a lokaci guda. Sai dai tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa. Wanda ke da 16GB a hannu ya riƙe abinsa da kyau.

To ga maganar madabod. Kowane madabod yana da gurbi guda da firosesa ke zama, kuma ba kowace firosesa gurbin ke karɓa ba. Shi ne kuma ke yanke irin RAM ɗin da za a sa, DDR3 ko DDR4 ko DDR5, waɗanda ko da ƙarfin tsiya ba sa shiga ramin juna. Katin hoto ba shi da wannan matsalar sosai, domin ramin PCIe da yake shiga ya daɗe bai canza siffa ba, katin bana yakan shiga madabod mai shekara 10 ya yi aiki. Saboda haka in firosesa ce ta gaji, tambaya ɗaya ta rage: wace ce mafi ƙarfi da gurbin nan zai ɗauka? In akwai babba a gaba, ƙari za a yi. In babu, canjin firosesa zai jawo canjin madabod, shi kuma ya jawo canjin RAM, kafin ka ankara ka sayi sabuwar kwamfuta a cikin tsohon akwati.

A nan kamfanin AMD ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi rana. Gurbinsa mai suna AM4 ya fito a 2016, firosesocin Ryzen na farko suka hau kansa a watan Maris na 2017, kamfanin kuma ya ci gaba da fitar da sababbi a kan gurbin nan har bayan shekara biyar. Ryzen 5 5600 da Ryzen 7 5800X3D duk a 2022 suka fito. A shekarar ce kuma ya amince tsofaffin madabod na farko-farko, irin su B350, su karɓi sababbin firosesocin idan an sabunta musu BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin madabod tana tada kwamfuta.

Wani abokina mai gidan gem a unguwarmu ya kawo mini ɗaya daga cikin nasa: Ryzen 5 1600 a kan B350, RAM 8GB, katin GTX 1060 mai 6GB, da faifai mai juyawa. Tun daga gida ya riga ya yi mata kuɗi a ransa. Ya ce, "Mutumina, yara sun daina zama a kanta, kowa sai ya ce tana sarƙewa. Nemo mini mai saye kawai." Na ce, "Alhaji, bar mini ita zuwa jibi." Muka sabunta BIOS tun tsohuwar firosesar tana ciki, domin in ka riga ka cire ta, sabuwar ba za ta tashi ba balle ka sabunta. A kan inbata kuma muka yi, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe madabod ɗungurungum. Masu bidiyon koyarwa na Turai a gurguje suke wuce wannan gargaɗin, mu kuwa shi ne farkon darasi. Muka sa Ryzen 5 5600, wadda wat 65 take ci kamar ta da, don haka ko fanka ba mu canza ba. Muka cike RAM zuwa 16GB, muka sa SSD, katin muka bar shi tukuna. Sarƙewar da ke korar yara ta tafi. Daga baya da ya samu sarari ya sa RX 6600 na hannu. Madabod da akwati da fawa-fak, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, duk na asali ne, kuma yanzu tana ɗaukar Windows 11 ba tare da wata dabara ba, abin da ba ta iya yi da tsohuwar firosesar.

Intel kuwa al'adarsa ce canza gurbi bayan zubi biyu. Zubi na 4, na 2013 da 2014, yana kan LGA 1150 da DDR3. Na 6 da na 7 suna kan LGA 1151. Na 8 da na 9 ma sunan gurbinsu 1151, amma ba sa aiki a madabod ɗin na 6 da na 7, abin da ya sha jefa masu saye cikin asara. Na 10 da na 11 suna kan LGA 1200, na 12 zuwa na 14 kuma LGA 1700. Lambar da ke biye da i5 ko i7 ita ke nuna zubin: i5-4570 na 4 ce, i5-8400 na 8, i5-12400 na 12. Wannan lamba ta fi "i7" ɗin da ake yi wa mutane romon baka da shi a kasuwa muhimmanci. Core i3-12100 ta 2022 ta fi i7-4790 ta 2014 gudu nesa ba kusa ba, duk da ƙaramin sunanta.

Ɗan yayata yana da irin kwamfutar da ta fi yawa a hannun samarinmu: Dell OptiPlex ta ofis, 'yar kwatano, mai i5-4570, aka liƙa mata GTX 1050 Ti. Dabara ce mai kyau a lokacinta, domin katin wat 75 kawai yake ci, daga ramin madabod yake shan wutarsa ba sai an ja masa waya ba. Ta yi masa GTA V da PES shekara da shekaru. Ya zo mini da ɗokinsa ya ce, "Kawu, na tara kuɗin RTX 3060, sai ka sa mini." Na ce ya mayar da kuɗinsa aljihu. RTX 3060 wat 170 yake ci, kuma yana buƙatar wayar wuta tasa ta daban. Fawa-fak ɗin waɗannan kwamfutocin bai kai wat 300 ba, ba shi da wannan wayar, sannan bakinsa na musamman ne, ba kowane fawa-fak na kasuwa ke shiga ba sai da 'yar mahaɗa. Don aikin ofis aka ƙera ta, kuma ta yi fiye da abin da aka ɗora mata. A ce ma an shawo kan maganar wuta, firosesar mai ƙwayoyi huɗu ce ta 2013, kuma mafi girman abin da za a maye ta da shi bai wuce i7 na wannan zubin ba, shi ma ƙwayoyi huɗu. EA Sports FC 24, wanda ya gaji FIFA a 2023, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne i5-6600K, wato zubi biyu gaba da tasa. Da na sa masa katin, rabin ƙarfinsa zai riƙa aiki da shi bayan ya biya kuɗin dukansa. SSD muka sa, na ce ya ci gaba da tari. Bai ji daɗi ba a ranar.

Akwai kuma abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan. A da, gudu kawai tsohuwar kwamfuta ke rasawa: ka rage saiti, ka kashe inuwa, ka sauke girman hoto, gem ya lallaɓa a haka. Yanzu wasu ƙofa suke rufewa gaba ɗaya. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa tashi sai da kati mai sashe na musamman na lissafin haske, abin da Nvidia ya fara sawa daga jerin RTX 2000 a 2018, AMD kuma daga RX 6000 a 2020. GTX 1060 da GTX 1660 da RX 580 duk ba su da shi, komai saukar da saitin da ka yi. Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7, duka na 2025, suna neman matakan tsaro biyu, TPM 2.0 da Secure Boot, don toshe masu maguɗi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ƙarin wa'adin shekara guda na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, Windows 11 kuwa jerin firosesocin da ya amince da su ya fara ne daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000. Akwai dabarun cusa shi a tsohuwar kwamfuta, a kasuwa ma ana yi, amma manhajojin kama masu maguɗi ba sa cin wannan dabarar. A Oktoban 2025 ɗin dai Nvidia ya daina daidaita direbobin katunan GTX 900 da GTX 1000 da sababbin gem, gyaran tsaro kaɗai ya rage musu zuwa 2028. Sai dai a lura, sau da yawa TPM ɗin yana nan a kashe yake kawai a cikin BIOS, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Kunna shi ake yi. Kada wani ya sayar maka da sabon madabod a kan wannan.

Duk waɗannan ƙofofi kuwa, wanda ke ƙwanƙwasa su kaɗai suka dama. Yawancin masu zuwa wurina abin da suke bugawa PES 2021 ne da aka ɗora wa rigunan bana da sababbin 'yan wasa, sai GTA V da ya fito a kwamfuta tun Afrilun 2015, sai su Mortal Kombat da Need for Speed. GTX 1060 mai 6GB yana cinye waɗannan ba tare da gumi ba. Ba banza ba ya yi shekaru yana kan gaba a ƙididdigar da Steam ke fitarwa ta katunan da mutane ke amfani da su, har zuwa ƙarshen 2022. Sannan ka duba abin da kake kallo a kai. In talabijin ce ko fuskar kwamfuta mai nuna hoto 60 a sakan, katin da ke fitar da 140 bai ƙara wa idonka abin a zo a gani ba. Ina ganin wannan shi ne inda samari suka fi zubar da kuɗi, su sayi kati don alƙalumin da suka gani a YouTube alhali fuskar da ke gabansu ba za ta iya nuna shi ba.

Wanda ya tabbatar katin ne ya gaza masa, ya duba ma'ajiyar da ke jikin katin kafin sunansa. A yau 8GB ne ƙasan layi, mai 3GB ko 4GB ya riga ya wuce zamaninsa. RTX 3060 na 2021 yana da nau'i mai 12GB, RTX 4060 na 2023 kuma 8GB gare shi amma ya fi gudu kuma ya fi tattalin wuta. Maganar wuta a ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce. RX 580 yana da araha a kasuwar na-hannu, amma wat 185 yake ci, RX 6600 wat 132, RTX 4060 kuma wat 115. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai wat 70. A gidan gem mai aiki awa 10 a rana, wannan ya kai kilowat-awa 21 a wata a kan kwamfuta ɗaya. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A ke biyan sama da naira 200 a kowane kilowat-awa, wato fiye da naira 4,000 kenan a wata, kafin a yi maganar ranakun janareta da tsadar fetur tun cire tallafi a Mayun 2023, ko batiran inbata da ke saurin ƙarewa. Ga kuma zafin da katin ke zubawa a ɗakin da dama tafasa yake.

Fawa-fak shi ne kayan da ba wanda ke alfahari da shi, shi ne kuma wanda in ya mutu yakan tafi da maƙwabtansa. Irin marasa nauyin nan da ake rubuta wa wat 500 ko 650 a jiki, ɗaga shi kawai za ka yi ka san maganar ba ta kai nan ba. Araha ba ta ado. Da wutar da ke hawa da sauka irin tamu, ban yarda a ɗora sabon kati a kan fawa-fak marar suna ba, ko wanda ya haura shekara bakwai ko takwas yana aiki, kuma a sa sitabilaiza ko UPS a tsakaninsa da bango.

Mafi yawanmu na hannu muke saye, ba kuma abin kunya ba ne. GTX 1060 ya fito a kan dala 249 a 2016, RTX 4060 a kan dala 299 a 2023, a wurin Ba'amurke bambancin dala 50 ne kacal. Mu kuwa dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Shi ya sa shawarar da ake ji daga can, cewa bayan 'yan shekaru a tattara a sayi sabuwa, ba da aljihunmu aka auna ta ba. Amma kasuwar na-hannu tana da tarkunanta. A watan Satumba na 2022 Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun sha wuya. Akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP, wanda a ƙarfi ya fi kusa da RX 570. Akwai GTX 1060 mai 3GB, wanda ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba har da ƙwayoyin aiki. Akwai kuma na jabu tsagwaro, tsohon kati da aka sauya wa suna a manhaja ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Kada ka biya sai an sa katin a gabanka, an buɗe GPU-Z ka karanta ainihin abin da yake, an saka masa gem mai nauyi ko FurMark na minti 15 kana kallon zafinsa, kana duba ko ɗige-ɗige ko layuka masu launi za su fito a fuska. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Ko da hukuncin ya faɗa kan canzawa, ba komai ake zubarwa ba. Akwati mai kyau, SSD, fuska, fawa-fak mai inganci, har da tsohon katin, duk suna iya ƙaura zuwa sabon gida. Firosesa da madabod da RAM ne kawai ke tafiya tare. Mai ƙaramin aljihu ba sai ya tsallaka AM5 ba, gurbin AMD da ya gaji AM4, wanda ya fito a 2022 kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. Ryzen 5 5600 a kan AM4, ko i5-12400 a kan madabod mai DDR4, sun isa su riƙe mutum shekaru. Mai laftof kuwa zaɓinsa gajere ne, RAM da SSD da shara, domin firosesa da katin a manne suke da allon. Wanda ƙwallo kaɗai yake bugawa, ba ya karatu ko wani aiki da kwamfutar, ya auna kuɗin da na PlayStation 5 ta hannu kafin ya yanke. Masu cewa suna shiri ne don GTA VI su yi haƙuri. PlayStation 5 da Xbox aka fara yi wa alƙawarinsa, kuma GTA V sai da ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi a hannun masu PlayStation 3 da Xbox 360 kafin ya iso kwamfuta. Ba a sayen kati don gem ɗin da ba a san me zai nema ba.

Hukuncina dai shi ne, mai AM4 ko zubi na 8 na Intel zuwa sama a kan madabod na gama-gari ya ƙara wa abarsa kaya. Mai DDR3, ko zubi na 6 da na 7, ya sa SSD ya tsaya nan, sauran kuɗin ya tara su. Kafin ka nufi titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko ka aika saƙo Computer Village ta Ikeja, sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce. Rubuta sunan madabod ɗinka da na firosesa a takarda, leƙa jikin fawa-fak ka kwafi yawan wat ɗinsa, ka ƙara da sunan gem ɗin da ya gagare ka. Da wannan takardar za ka je wurin mai gyara, kuɗin kuma ka bar su a gida sai an gama magana.